Yadda Ake Rubuta Wasan da Mugunsa Ke Zuwa da Kyauta a Hannu

Sana'ata tace bidiyon biki da walima a wani ɗan shago a Agege, amma da yake na daɗe ina haɗa wasan kwaikwayo da samarin unguwa, masu rubuta gajerun finafinai na waya kan kawo mini takardunsu in duba. Kwanan nan da yawansu sun karkata ga labarin baƙin halittu daga wata duniya, kuma kusan duk a wuri ɗaya suke tuntuɓe. Tun a fitowa ta farko dodo ya bayyana da haƙora, ya yi gurnani, jama'a su watse, daga nan sai gudu da ihu har ƙarshe. Mai kallo ya gama sanin komai cikin minti biyu, sai ya matsa gaba. Ina son irin waɗannan labarai ƙwarai, shi ya sa abin yake damuna. Mugun da ke zama a ran mai kallo shi ne wanda mutanen gari suka yi wa maraba da bakinsu, suka ba shi wurin zama, har suna rige-rigen kusantarsa. Yadda ake gina irin wannan labari nake son in bayyana.

Misalin da nake koyarwa da shi tsoho ne. Doctor Who shiri ne na BBC da ya fara fita ranar 23 ga Nuwamba, 1963, labarin wani matafiyi da ake kira Dakta, mai yawo tsakanin zamunna da duniyoyi cikin wani jirgi da ke kama da rumfar wayar 'yan sandan Ingila. Shirin ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin a 2013 an gano kashi tara da BBC ta fid da rai da su a ajiye a wata tashar talabijin a Jos. Labarin da nake nufi shi ne The Claws of Axos, kashi huɗu, kowanne kimanin minti 25, wanda aka nuna daga 13 ga Maris zuwa 3 ga Afrilu, 1971. Bob Baker da Dave Martin suka rubuta, Jon Pertwee ya fito a matsayin Dakta. Ka nema ka kalla da biro da takarda a hannu. Kayan dodannin da launukan allon sun tsufa, kar hakan ya ɗauke maka hankali. Ginin labarin za ka koya, kuma ginin kaɗai za ka ɗauka, don labarin da sunayen na masu shi ne.

A taƙaice, wani jirgi ya sauko ya binne kansa a ƙasa kusa da wata babbar tashar lantarki a kudancin Ingila. Da jami'ai suka shiga ciki sai suka tarar da iyali kyawawa masu jikin zinariya, miji da mata da yara biyu, masu taushin murya. Suka ce jirginsu ya lalace, makamashi ya ƙare, taimako suke nema, kuma za su biya da wani sinadari mai suna Axonite wanda ke iya kwaikwayon kowane abu ya kuma ninka shi. Nan take suka gwada shi a kan kwaɗo, ya zama ƙato a gaban kowa, mutane suka hango ƙarshen yunwa a duniya. Gaskiyar ita ce jirgin da iyalin da sinadarin duk halitta ɗaya ce mai suna Axos, kuma so take a watsa sinadarin ko'ina a duniya domin ta zuƙe duk wani rai da makamashi da ke doron ƙasa.

To, kafin ka rubuta kalma ɗaya a kan baƙon, rubuta mutumin da zai buɗe masa ƙofa. Nan ne aikin yake, nan kuma zan fi daɗewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan shiri tsagar ita ce Chinn, wani jami'in Ma'aikatar Tsaro mai ji da kansa. Ka lura da tafiyarsa da kyau. Da farko shi ne ya ba da umarnin a harba wa jirgin makamai masu linzami tun ba a san ko su wane ne a ciki ba. Da ya ga abin da sinadarin ke yi, sai ya juya gaba ɗaya, ya dage sai Birtaniya kaɗai za ta mallake shi, ya yi amfani da ikon gaggawa da aka ba shi ya sa sojoji su tsare Birgediya, hafsan sojan da Dakta ke aiki tare da shi, da mutanensa, waɗanda aikinsu ne tunkarar irin wannan barazana. A sama za ka ce mutumin ya canza, amma abu ɗaya ne ke tuƙa shi a duk lokutan biyu: so yake a ce shi ne ya yi. Chinn ba ya ƙin ƙasarsa, hasali ma da sunanta yake yin komai, kuma wannan ne ya sa ya fi maci amana haɗari, don babu wanda zai iya tsayar da shi ba tare da an ce yana adawa da ci gaban ƙasa ba.

Ga yadda za ka gina naka. Ka zaɓi mutum mai ɗan muƙami, wanda ke ganin an daɗe ana tauye masa girma. Kar ka ba shi mugunta, ka ba shi ƙishin yabo. Bari mu ɗauki kasuwar kayan gwari ta ƙirƙira a nan Legas, mu ce sakataren ƙungiyar 'yan tumatir ne, ya yi boko, shi ke rubuta duk wasiƙun ƙungiya, amma in an zo taro Shugaba ake ba abin magana. Kar ka sa sunan kasuwa ko ƙungiya ta gaske, ka ƙirƙiri naka, domin mutane ne masu mutunci ke cin abinci a wuraren nan. Ka ba shi ƙananan halaye da kyamara za ta kama: yana gyara zaman hula kafin ya amsa waya, yana gyara wa mutane idan sun kira shi ba tare da muƙaminsa ba, ya manna hotonsa da wani babba a bangon ofis. Sannan ka bar baƙon ya karance shi. Ga irin hirar da nake nufi:

"Ranka ya daɗe, mun zagaya kasuwannin garin nan, duk wanda muka tambaya wa ke da faɗa a ji, kai ake ambata."

"To, mutane ne da faɗa. Mu dai hidima muke yi."

"Shi ya sa ba mu fara zuwa wurin Shugaba ba. Dattijo ne, Allah ya ƙara masa lafiya, amma abu irin wannan sai mai ilimin zamani."

"Wa kuma kuka nuna wa?"

"Babu kowa, Alhaji. Kai ne na farko."

"To ku bar shi a haka tukuna."

Baƙon bai yi barazana ba, bai ma roƙi a ɓoye maganar ba. Sakataren ne da kansa ya nemi a yi sirri, kuma daga wannan jimla ta ƙarshe ya zama mai gadin asirin da zai hallaka shi. Idan ka samu irin wannan fitowa daidai, sauran labarin zai riƙa bin ta.

Sai kyautar. Dole ta zama maganin wani ciwo na gaske da mai kallonka ya sani a jikinsa. Marubutan Axos sun zaɓi abinci da makamashi. Mu a nan, duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mile 12 ta Legas da asuba lokacin da ake sauke kwanduna daga motocin Arewa ya san abin da tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Kano ke yi wa tumatir: na ƙasan kwando ya fashe, ruwa na zuba, dillali na lissafin asara tun kafin a buɗe ciniki. Waɗanda suka ga 2016, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano har farashi ya yi tashin gwauron zabi, sun san darajar kwando ɗaya. Don haka baƙinka su zo da wani gari da in an barbaɗa a kwando tumatir zai yi wata guda bai yi laushi ba. Kar ka bar su su yi dogon bayani. Su gwada a gaban jama'a kamar yadda aka yi da kwaɗon: kwando biyu, ɗaya da garin, ɗaya babu, a kulle a shago, a dawo bayan mako. Wannan fitowa ba ta buƙatar kuɗi, tumatir sabo da ruɓaɓɓe kawai za ka saya. Abin da kake nema shi ne mai kallo da kansa ya ji cewa da shi ne a wurin da ya karɓa. Mutanenmu sun san wannan yanayi, domin ba a manta da MMM ba, tsarin zuba kuɗin nan na intanet wanda ya rufe asusun jama'a a Disambar 2016 bayan masu hankali da ilimi da yawa sun zuba kuɗinsu, kuma abin da ya ja su shi ne sun ga na farko an biya su da idonsu.

A cikin kyautar ka bar rami ɗaya da mai hankali zai hango. A shirin, Dakta ya yi tambaya mai sauƙi: idan sinadarin nan yana iya sarrafa kowane irin makamashi, ta yaya makamashi ya ƙare muku? Tambayar ta isa ta rushe labarin baƙin gaba ɗaya, amma babu wanda ya tsaya a kanta, don kowa idonsa na kan kyautar. Ka ba da irin wannan tambaya ga wanda al'ada ba ta ba shi damar ja da babba ba. A namu labarin, 'yar ƙanwar sakataren ce, wadda ta karanta kimiyyar abinci kuma take taimaka masa da lissafi:

"Kawu, ka yi haƙuri, ni abu ɗaya ne ban gane ba. In da gaske taimako suke so su yi, me ya sa suka ce lallai sai garin ya shiga kowace kasuwa kafin Juma'a? Abin da ba ya lalacewa, gaggawar me ake yi da shi?"

"Ke dai riƙe littafinki. Manya na magana."

Mai kallo zai ajiye wannan tambaya a ransa, kuma daga nan ya fi mutanen cikin wasan sani. Wannan tazara tsakanin abin da ya sani da abin da suka ƙi sani ita ke riƙe shi a kujera.

Kana kuma buƙatar wanda zai fara biyan farashi, da wanda zai gani a ƙaryata shi. Wanda Axos ta fara kamawa wani talaka ne mai yawo da tsohon keke a bakin teku. Ta auna shi, ta ga ba shi da amfani a wurinta, ta zuƙe shi ta yar, kuma manyan da ke ciniki a cikin jirgin ba su ma san ya taɓa wanzuwa ba. Wannan wuri yana taɓa ni duk lokacin da na kalla, kuma ina roƙon ka kar ka mai da naka abin dariya. Ka ba ɗan dakon da ke kwana a rumfa suna, ka nuna shi yana waya da mahaifiyarsa a ƙauye, sannan washegari a ga baronsa babu shi. Mai gani kuwa a shirin ita ce Jo, mataimakiyar Dakta, wadda ta leƙa cikin jirgin ta ga ainihin halittar mai jijiyoyi, aka ce mata gizo ne idonta ya yi mata saboda kusantar injin jirgin. Ka lura baƙin ne suka kawo wannan bayani, mutanenta kuma suka karɓa domin ya yi daidai da abin da suke so.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da mu. Idan ba ka yi hattara ba, mai kallo Bahaushe zai ɗauki baƙinka aljanu ne, zai kuma zauna jiran a kira malam a yi ruƙiyya, in ba a kira ba ya ce marubucin bai san abin da yake yi ba. Don haka tun a kashi na farko ka nuna cewa halittu ne masu jiki da na'ura da lissafi: suna awo, suna ƙidaya, suna da wa'adi, suna buƙatar mota ta kai kayansu. Mutanen wasan za su yi addu'a kamar yadda kowannenmu zai yi, amma matsalar tana neman a gano yadda abin ke aiki.

Game da jera asirin, kashi huɗu sun isa, ko da minti goma-goma ne. Na farko ya ƙare mai kallo ya ga ainihin fuskar sau ɗaya, a taƙaice, ta idon wanda ba za a yarda da shi ba. A na biyu kyautar ta fara nuna halinta a hannun mai bincike. A shirin, da aka saka sinadarin a na'urar gwaji ta tashar ne aka gane shi da baƙin abu ɗaya ne. Daga nan ɓoyo ya ƙare, sauran biyun na tsere da lokaci ne. Kuskuren da na fi gani shi ne riƙe asirin har minti na ƙarshe. In ka yi haka ka hana kanka fitowa mafi daɗi, wato lokacin da mai buɗe ƙofa ya gane abin da ya yi kuma dole ya ci gaba da shiga mutane. Wani abin lura: son kan Chinn ya so ya ɓata wa Axos shiri, tunda ita so take a watsa sinadarin shi kuma so yake ya ɓoye. Sai da aka fallasa maganar ga duniya, gwamnatinsa ta tilasta masa rarrabawa. Ka yi amfani da wannan. Sakatarenka zai so ya riƙe garin a kasuwarsa kaɗai, baƙin kuma su tsegunta wa abokan hamayyarsa, ya koma shi ke loda wa motoci da hannunsa don kar a ce an bar shi a baya.

Kar ka bar jarumarka tsarkakakkiya. Dakta a wannan zamani na shirin a tsare yake a duniyarmu, mutanensa sun hana shi tafiya, kuma yana ƙishin ya gyara jirginsa ya tsere. Axos ta gano yana da ilimin tafiya cikin zamani, ta kwaɗaitu da shi. A kashi na ƙarshe ya nuna kamar ya yi watsi da abokansa, ya haɗa kai da tsohon abokin gabarsa Master, wanda Roger Delgado ya fito a matsayinsa kuma shi ne ya jawo Axos duniya tun farko don ya fanshi kansa daga hannunta. Abokan sun yarda ya ci amanarsu domin sun san yana da dalilin yin haka. Da wannan Dakta ya ja Axos ya kulle ta cikin wani zagayen lokaci da ba ta iya fita. Kwaɗayinta aka yi amfani da shi, kamar yadda ta yi amfani da na mutane. To ita ma 'yar ƙanwar sakataren ka ba ta abin da take so har ranta, misali gurbin karatu a waje da ta nema ta rasa, baƙin su yi mata tayinsa, mai kallo ya yi shakkar ta na ɗan lokaci. Mafitar kuma ta fito daga abin da baƙin suka ƙi haƙura da shi. Idan sun ji akwai wata babbar ma'ajiya da ke ciyar da rabin gari, za su tattara kansu wuri ɗaya don su same ta, kuma a wuri ɗaya ake iya rufe su.

Ɗaukar hoto ba zan tsawaita ba. Kyawun baƙin ya fi muninsu muhimmanci, don haka kuɗinka ya tafi can. Hoda mai ƙyalli irin ta masu kwalliyar amare tana nan a kasuwar Balogun, ka haɗa da fararen kaya masu guga iri ɗaya. Ka hana 'yan wasan ƙifta ido yayin magana, su riƙa juyowa tare, murmushinsu ya daɗe kaɗan fiye da yadda mutum ke yi. Ainihin halittar kuwa ka nuna hannu ko inuwa ko wani sashe a cikin duhu, daƙiƙa biyu sun isa. Hayaniyar janareta da hon ɗin danfo za su ɓata maka sauti, saboda haka ka ɗauki fitowar kasuwa bayan sallar asuba, ka sake naɗar muryoyin baƙin a ɗaki mai labule da katifa, don su fito tsaf ba tare da hayaniyar da ke bayan kowa ba. Wannan bambancin sauti kaɗai zai sa a ji ba 'yan nan ba ne. In ruwan Legas ya sauko maka a tsakiyar aiki, kar ka tattara kaya. Masu Axos sun ɗauki fitowar waje a Dungeness, wani bakin teku a kudancin Ingila, cikin hunturu, yanayi ya yi ta sauya musu tsakanin dusar ƙanƙara da hazo da rana, sai suka ƙara layi ɗaya a rubutun cewa saukar jirgin ta hargitsa yanayin yankin. Kai ma ka sa wani a wasan ya yi mamakin ruwan da ba lokacinsa ba.

Kafin ka kira mai kyamara, ka tara 'yan wasanka a shago ko a tsakar gida, ka cire duk shafukan da dodo ya bayyana, ku karanta sauran da murya. Ka gayyato mutum biyu ko uku da ba su san labarin ba, zai fi kyau a samu ɗan kasuwa a cikinsu. Bayan fitowar kwanduna biyu ka dakata ka tambaye su ko za su karɓi garin, bayan fitowar sakatare kuma ka tambaye su ko sun san mai irin halinsa. In amsar farko a'a ce, ka koma ka gyara kyautar har ta yi daidai da buƙatarsu. In ta biyu ce a'a, sakataren ya yi mugunta da yawa, ka rage masa ita ka ƙara masa dalili, sannan ku sake karantawa.